Fasinjan da ba ya biyan kuɗin mota: ƙwarin itace da kayanmu a kan iyaka

Jawabin da aka gabatar wa mambobi a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya, a unguwar Alibandeng, Libreville



Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu dattawan kasuwa, Alhazai da Hajiyoyi, direbobi da dillalai, da matasan da ke tasowa a sana'a, barkanmu da ganin wannan rana. Na gode da damar da aka ba ni. An ce in yi magana a kan abin da ya shafi kaya da iyaka, sai na zaɓi wani batu da ba mu cika zama mu tattauna shi ba, alhali yana iya tsayar da mota a Eboro, yana iya hana kwantena fita daga tashar Owendo. Maganar ƙwaro ce, irin wanda ke huda itace da katako da tsaba, wanda girmansa bai wuce ƙwayar riɗi ba.

Na san abin da wasu ke rayawa a zuci. Mu da muke fama da kuɗin duwan, da shingaye a hanya, da hayar shago a Mont-Bouët, ina ruwanmu da ƙwaro? To, ga inda ruwanmu yake. Ƙwaron nan da fiffikensa ba ya yin nisa. Ba zai tashi daga Asiya ya sauka a Afirka ba, ba zai ƙetare teku ba. Idan kuka ji ya ɓulla a wata ƙasa mai nisa, a cikin kayan wani ya je: cikin gungumen itace, ko akwatin katako, ko buhun iri. Mu masu safara mu ne ƙafarsa. Shi ya sa hukumomin duniya suka rataya dokarsa a wuyan mai kaya, kuma shi ya sa ya kamata mu san shi fiye da kowa.

Wane ne wannan ƙwaro?

Duk wanda ya taɓa fataucin goro ya san sankara. Goro ja wur daga waje, sai an ɓara a ga ɓarna a ciki, kuma idan ba a tsince ba sai ta bi huhu gaba ɗaya. Ƙwarin ɓawon itace dangin ƙwaron sankara ne na kusa, gida ɗaya suka fito. Masana sun ƙidaya kusan iri 6,000 a duniya. Yawancinsu ba su da laifi, aikinsu cinye mataccen itace a daji. Kaɗan ne daga cikinsu suka zama annoba.

Wasu suna shiga tsakanin ɓawo da jikin itace, inda abincin bishiya ke bi, su yi ta haƙa hanyoyi har su zagaye ta, sai ta bushe a tsaye. Wasu kuma manoma ne. Macen tana ɗauke da irin wata funfuna a jikinta. Idan ta huda itace sai ta shuka funfunar a bangon ramin, ita da 'ya'yanta su riƙa ci. Funfunar ce ke toshe jijiyoyin da ke kai ruwa zuwa ganye. Akwai kuma waɗanda suka koma cikin tsaba da 'ya'yan itatuwa.

Abin da ya sa hukumomi ke tsoronsu shi ne yadda suke tafiya. Suna cikin itace, feshi daga waje ba ya kai musu, ido ba ya ganinsu. A wasu ire-iren kuma, barbara tana faruwa ne tun a cikin rami tsakanin 'yan ɗaki ɗaya, namijin ko tashi ba ya iya yi. Macen kan fito ne a shirye da ƙwai. Ke nan mace ɗaya tak a cikin katako ɗaya ta isa ta kafa zuriya a sabuwar ƙasa. Can kuwa babu tsuntsu ko ƙwaron da ya saba cin ta, itatuwan wurin kuma ba su san ta ba balle su kare kansu.

Abin da ya riga ya faru

Bari in fara da nan inda muke zaune. Ƙwaron da ya fi kowane yi wa kofi ɓarna a duniya ɗan wannan dangi ne, kuma asalinsa Afirka. A 1867 wani masanin ƙwari mai suna Ferrari ya fara bayyana shi a rubuce. Ba a gona ya gan shi ba, a cikin kofin fatauci da aka kai Faransa ne. A 1901 aka ba da rahoton ɓarnarsa a kofi a nan Gabon. Kafin 1910 ya kai tsibirin Java da ke Indonesiya. Wajen 1913 ya shiga Brazil cikin irin kofi da aka shigar, zuwa 1924 ya zama abin kuka a jihar São Paulo. Ya kai Kolombiya a 1988, ya kai Hawai a 2010. An ƙiyasta asarar da yake jawowa ta haura dala miliyan 500 a shekara. Tsawonsa bai kai milimita 2 ba, bai taɓa yankar tikiti ba, amma ya zagaya duniya a cikin buhu.

Kamar yadda ya fita daga nan, haka wani ya shigo mana. Akwai ƙwaron masara da asalinsa Meziko da Amurka ta Tsakiya. Gidansu daban da na ƙwarin ɓawo, amma sana'ar ɗaya ce, huda itace. A ƙarshen shekarun 1970 ya ɓulla a yankin Tabora na Tanzaniya. Mutanen can suka laƙaba masa suna Scania, sunan babbar motar kaya. A 1984 aka gan shi a Togo, kusa da Lome. Daga nan ya bi hanyar fatauci zuwa Benin da Ghana, ya shiga Najeriya a farkon shekarun 1990, daga baya ya kai Nijar. A Tanzaniya an auna cewa yana iya mayar da kusan kashi ɗaya cikin uku na masarar ajiya ƙura cikin 'yan watanni. Busasshen rogo kuwa, irin wanda ake yin alabo da shi, an ga asarar da ta kai kashi 70 cikin 100 a wata huɗu. Abin da ya fi muni, ba ya tsayawa a hatsi. Yana zama a cikin busasshen itace na daji da sandunan rumbu, saboda haka ko an kwashe masara an share, yana nan yana jiran sabuwa. A 1991 sai da aka je ƙasarsa ta asali aka kawo wani ƙwaro mai cin sa aka saka a Togo. An samu sauƙi, amma har yau ba a raba shi da Afirka ba.

Na kusa-kusa shi ne na Afirka ta Kudu. A 2017 aka gano wani ƙwaro ɗan kudu maso gabashin Asiya a lambun itatuwa na gwamnati da ke Pietermaritzburg. Irin masu noman funfuna ne. Cikin 'yan shekaru ya bazu a kusan dukkan lardunan ƙasar, ya kashe itatuwan inuwa a titunan Johannesburg, ya kai yankin Cape Town. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da ya bi shi ne itacen wuta da mutane ke ɗauka daga gari zuwa gari. Yana kama ɗaruruwan ire-iren itatuwa, ciki har da fiya, wadda a nan ake ce wa aboka, kuma yana hayayyafa sosai a cikin zurma, wadda ke fitowa a bayan gida ko'ina a ƙasarmu. Bishiyar da ya cika, maganinta sarewa.

Sai mangwaro. Tun daga 1998 wata cuta ta riƙa busar da itatuwan mangwaro a ƙasar Oman, ta kuma yi ɓarna a Pakistan. Funfuna ce, ƙwaron ɓawo ke ɗaukar ta daga bishiya zuwa bishiya. Kowa ya tuna mangwaron ƙofar gidansu a Zariya, ko lambunan Maraɗi, ko na Garwa. Bishiyar da kaka ya dasa, jika ke sha, tana iya bushewa cikin 'yan watanni. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Abin da doka ta ce

Tun 1951 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya, IPPC, a ƙarƙashin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO. Tarayyar Afirka ma tana da majalisarta ta lafiyar tsirrai, hedkwatarta na nan maƙwabta a Yawunde. A ƙarƙashin wannan tsari kowace ƙasa tana da jerin ƙwarin da ta hana shigowa da su, wato waɗanda babu su a ƙasar, ko akwai su a ɗan yanki kaɗan ana ƙoƙarin killace su. Kusa da sunan kowane ƙwaro akwai sunayen itatuwa da amfanin gona da ke ba shi masauki. Mu fatake mun san darajar mai masauki: in kana neman baƙo, gidan mai masaukinsa za ka je. Haka ma'aikaci yake yi. Shi ya sa zai bar katan-katan na atamfa su wuce, ya tsaya a kan buhun masara ko ɗaurin itace. Kuma shi ya sa abin da ya wuce lafiya a wannan iyaka zai iya maƙalewa a waccan, don jerin ba ɗaya ba ne.

Takardar da ake nema ita ce ta shaidar lafiyar tsirrai, wadda ma'aikatan nan ke kira certificat phytosanitaire. A ƙasar da kaya suka fito ake yin ta, bayan an duba kayan, kafin a yi lodi. A Najeriya hukumar NAQS ke bayarwa. A Nijar ofishin kare tsirrai ne na ma'aikatar noma. A Kamaru ma aikin na ma'aikatar noma ne, tana da ofisoshi a kan iyakoki. A nan Gabon kun san AGASA. Wasu kaya, musamman iri da dashe, suna bukatar izinin shigowa daga ƙasar da za a kai su tun kafin su taso. Kada wani ya ce muku CEMAC ko kasuwar bai-ɗaya ta Afirka da aka buɗe a Janairun 2021 sun soke wannan. Haraji suke ragewa, binciken lafiyar kaya yana nan daram.

Sai katakon da ake ɗora kaya a kai. A 2002 aka kafa ƙa'ida mai lamba 15, wadda ta shafi palet, da akwatunan katako, da guntayen itacen da ake tokare kaya da su a kwantena. Dole a cire musu ɓawo, sannan a gasa su har tsakiyar katakon ya kai zafin digiri 56 na tsawon minti 30 a jere, ko a turara su da iskar magani. Bayan haka a buga musu tambari. Ku duba gefen palet: za ku ga alama kamar zangarniyar alkama da haruffan IPPC, sai haruffa biyu na ƙasa, GA na Gabon, CM na Kamaru, NG na Najeriya, CN na China, AE na Dubai, sai lambar kamfanin da ya yi aikin, sai HT idan gashi ne, ko MB idan turare ne. Falawud da katakon da kaurinsa bai wuce milimita 6 ba, ba su cikin wannan doka. Palet ɗin da ya karye aka kai wa kafinta ya liƙa masa ɗanyen katako, tambarinsa ya tashi aiki ko da yana nan a jiki.

Maganar ɓawo ba ƙaramar magana ba ce. A ƙarshen shekarun 1960 an kai Ingila gumagumai daga Kanada da ɓawonsu, da ƙwaro da funfuna a ƙarƙashi. Sama da itatuwa miliyan 25 na irin da suke kira elm suka mutu.

Idan aka sami ƙwaro mai rai a kayanka, ko takarda ba ta cika ba, hukuma na da ikon tsare kayan, ko ta sa a yi musu magani da kuɗinka, ko ta mayar da su inda suka fito, ko ta ƙona su. Ku lissafa da kanku. Albasar da ta taso daga Marwa, ta bi Ngaundere da Yawunde da Ambam, idan ta kwana huɗu a rana da ruwan sama a bakin kogin Ntem, me zai rage kafin ta wuce Bitam da Oyem da Ndjolé ta iso nan? Kwantena kuma kowace rana da ta ƙara a tasha kuɗi ne. Sau da yawa kayan mutum goma ne a mota ɗaya, laifin na mutum ɗaya.

Inda haɗarin yake a kayanmu

Iyayenmu masu maganin gargajiya, ku yi haƙuri in fara da ku. Sassaƙe ɓawon itace ne, saiwa itace ce, kuma su ne ainihin ɗakin kwanan wannan ƙwaro. Ku busar da su sarai, wanda zai daku ku daka shi ya zama gari tun a gida, ku ƙulle a leda. Gari ya fi sauƙin ɗauka, kuma ƙwaro ba ya tsira daga turmi.

Masu kawo turmi da taɓarya da akushi da allo da ƙotar fartanya, da masu itacen turare da aswaki, kada ku karɓi wanda aka sassaƙa da ɗanyen itace ko wanda ke da ragowar ɓawo. Gwajin ba wuya. A shimfiɗa farin ƙyalle, a ɗora kayan a kai su kwana. Idan da safe an ga gari mai laushi a ƙasa, akwai mai rai a ciki. A duba ƙananan ramuka masu zagaye kamar bakin biro, da baƙin tabo a kewayensu. Wani lokaci garin kan fito a dunƙule, siriri kamar tsinken sakace.

Direbobi da yaran mota, itacen da kuke sara a hanya don tokare kaya ko dafa abinci, ku ƙone shi a inda kuka same shi. Kada itacen dajin Kamaru ya zo ya kwana a Libreville, kada na Gabon ya tafi Kano. Gawayi ba shi da wannan matsala, wuta ta riga ta gama da shi.

Masu tsaraba, Hajiya ta ga fiya mai daɗi ko atanga ta ce sai ta kai dashe gida, Alhaji ya ga mangwaro mai aure a wata ƙasa ya sako reshe a jaka. Dashe da ƙasarsa da reshe mai ɗanyen ɓawo sun fi kowane kaya haɗari, kuma su ne doka ta fi tsananta wa.

Masu hatsi da wake da gyaɗa, ku share sito da bayan mota kafin sabon lodi, kada ku haɗa tsohon kaya da sabo, kada ku sake amfani da buhun da ya huhhuje. Amma ina roƙonku, tsoron ƙwaro kada ya kai mu ga zuba guba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya, kuma aka yi ta tsawaita haramcin shekara da shekaru. 'Yan kaɗan ne suka zuba, kowa ya rasa kasuwar. Wake ɗaya ke ɓata gari, a nan maganar ta tabbata a zahiri. Akwai buhu mai ninki uku, PICS, wanda aka fara gwajin dabararsa a Marwa, ana kuma yin sa a Kano. Yana kashe ƙwaron wake ta hanyar toshe masa iska, ba digon magani. Ƙwayar turare kuwa aikin masu lasisi ne, a wuri rufaffe, kwana da kwanaki. Ba a sa ta a ɗakin da mutum ke kwana ko a motar da yaro ke barci a kan kaya.

Abin da nake roƙon ƙungiya

Jama'a, mu baƙi ne a ƙasar da kusan kashi 88 cikin 100 na faɗinta daji ne. Tun da aka hana fitar da ɗanyen gungume a 2010, dubban mutane ke cin abinci a masana'antun katako na Nkok da sauran wurare, okume kuwa shi ne abin alfaharinsu. Mutanen Woleu-Ntem da muke ratsa garuruwansu suna da gonakin koko da kofi. Ranar da aka ce wata annobar itatuwa ta shigo ta cikin kayan fatake, ba za a tsaya tambayar sunan mai kayan ba, sunan al'ummarmu za a kira. Amincin da iyayenmu suka gina a nan da cinikin gaskiya ya fi ribar kowace mota.

Saboda haka ina ba shugabanni shawara huɗu. Na farko, a naɗa mutum biyu ko uku masu jin Faransanci da karatu su zama wakilanmu a kan takardun lafiyar kaya, su karɓo jerin kayan da ke bukatar takarda da farashin hukuma a rubuce, a fassara da Hausa a liƙa a ofishin ƙungiya. Wanda ya san farashi ba a cutarsa, kuma duk abin da aka biya a karɓi rasit. Na biyu, a gayyato ma'aikatan duba kayan gona su zo nan su nuna wa matasanmu tambarin gaske da ramin ƙwaro da idonsu. Na uku, masu haɗa kaya a mota ɗaya ko kwantena ɗaya su sa sharaɗi tun kafin lodi: ba ɗanyen itace, ba palet marar tambari, kuma wanda ya saɓa shi zai ɗauki asarar sauran. Na huɗu, wanda ya buɗe kaya ya ga baƙon ƙwaro ko gari na zuba daga katako, ya rufe, ya ware, ya sanar da wakilanmu su kira hukuma. Kada ya jefar a bola, kada ya sayar wa mai gasa nama ya kai wata unguwa.

Akwai kuma wadda ba sai an rubuta ta ba. Wanda ya miƙa na goro don a ɗaga masa sanda ba tare da an duba kayansa ba, ya sani kuɗin motar ƙwaro ya biya, kuma ba shi da tabbacin ba gonar gidansu zai sauka ba. Duba kaya na ɗaukar awa ɗaya ko biyu. Ƙwaron masara ya shigo Afirka fiye da shekara 40 da suka wuce, har yanzu manoma na biyan bashinsa.

Ina taya ƙungiya murnar wannan rana.  Masu tafiya Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, masu zama Allah ya ba da kasuwa mai albarka.